Gyaran Hoton Tsuntsun Daji: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Gabatarwa

Wata rana da hantsi ina zaune a ofis ina duba takardun jarrabawa, sai ga wani ɗalibina na aji huɗu ya yi sallama, fuskarsa cike da fara'a. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, ina jin na samo tsuntsun nan na duwatsun Jos a bayan garinmu." Tsuntsun da yake nufi wani ɗan ƙarami ne ja, wanda masana ke kira Lagonosticta sanguinodorsalis. Sai a shekarar 1998 ne wani masani Ba'amurke mai suna Robert Payne ya bayyana shi ga duniyar kimiyya a matsayin jinsi mai zaman kansa, kuma an fi saninsa a duwatsun Filato da tsaunukan Mandara. Ana gane namijinsa da jan gadon baya da baki mai ruwan toka. Da a ce an same shi a filin da yaron nan ya faɗa, inda babu dutse ko na kai ruwan faɗa, da labari ne babba.

Na duba hoton. Lalle kuwa gadon bayan jawur yake, bakin kuma ya yi duhu. Sai na ce masa ya nuna mini hoton na asali, kafin ya taɓa shi. Muna buɗewa sai ga baki ja-ja, ga zoben rawaya kewaye da ido, ga gadon baya ruwan ƙasa. Ashe ɗan jan tsuntsun nan ne da ke tsintar tsaba a tsakar gidajenmu, wato Lagonosticta senegala. Yaron bai yi nufin yaudarar kowa ba. Ya ɗauki hoton ne dab da faɗuwar rana a ƙarƙashin bishiya, ya ga ya dushe, sai ya ƙara wa launin ja ƙarfi, ya ƙara wa inuwa duhu. Da taɓawa biyu kacal ya mai da wani jinsi ya koma wani.

Wannan abu shi ya sa na ga ya dace mu tattauna da mai karatu a kan gyaran hoton tsuntsu da yadda ake yi masa sharhi. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, hoton tsuntsun daji shaida ne kafin ya zama ado. Duk gyaran da za a yi masa, da duk yabo ko sukan da za a yi masa, a kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora su.

Hoto A Matsayin Shaida

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun lokacin da kyamara ta fara iya kama abu mai motsi masana suka soma dogara da ita. A shekarar 1884 wani Bajamushe mai suna Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan farar shamuwar Turai tana tashi tana sauka a sheƙarta, hotunan da suka taimaka wa Otto Lilienthal wajen nazarin fiffike lokacin da yake ƙera na'urorinsa na shawagi. A Ingila kuwa, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafi a 1895 a kan sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu, wanda duk misalansa hotunan kyamara ne maimakon zanen hannu. Domin su kusanci tsuntsu ba tare da ya firgita ba, har sā na bogi suka sa aka yi musu da fatar sā na gaske, ɗayansu ya riƙa shiga ciki da kyamararsa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maharbin ƙasar Hausa, wanda kan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci abin harbinsa.

A yau nauyin da ke kan hoto ya ninka na wancan zamani. Rumbun eBird, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe a 2002, yana karɓar rahotanni da hotuna daga kowa da kowa, haka ma iNaturalist da aka fara a 2008. A nan gida, an ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, kuma 'yan sa kai ne ke tattara bayanansa. Idan wani ya ce ya ga tsuntsu a inda ba a san shi ba, abin da masu tantancewa kan fara nema shi ne hoto.

Misalai biyu za su nuna mana ƙarfin hoto da rauninsa. A watan Satumba na 2022, kyamarar da masu bincike suka ɗaure a dajin tsibirin Fergusson na ƙasar Papua New Guinea ta kama hoton wata babbar tattabarar daji da masana suka daɗe ƙwarai rabonsu da tabbatar da ita. Hoton ya fito sarai, magana ta ƙare. A Amurka kuwa, wani bidiyo mai tsawon sakan huɗu da aka ɗauka a jihar Arkansas a 2004 ya sa aka yi shela a 2005 cewa an sake gano wani babban maƙwaƙwafi mai farin baki, wanda ganinsa na ƙarshe da kowa ya yarda da shi tun 1944 ne. Amma bidiyon dishi-dishi ne. A 2006 David Sibley da wasu masana suka ce wani maƙwaƙwafi ne na daban wanda ke ko'ina a dazukan yankin. Gardamar duka a kan abu ɗaya take, wato farin da ake gani a fiffiken, na samansa ne ko na ƙarƙashinsa? Idan ɗan farin tabo zai iya raba kan manyan masana haka, to mai gyaran hoto ya san abin da ke hannunsa.

Me Ya Sa Ake Gyara Hoto?

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a bar hoto yadda kyamara ta ɗauko shi? Amsar ita ce, babu hoton da ba a gyara ba. A zamanin fim, mai wanki a ɗakin duhu shi ke zaɓen yawan hasken da zai ratsa dodon hoto zuwa takarda. A kyamarar zamani kuwa, farantin da ke karɓar haske yana ɗauke da miliyoyin ƙananan ɗigogi, kowane ɗigo an rufe shi da matacin launi guda. Bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, rabin ɗigogin kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya ya auna, sauran biyun lissafi ne ke cike su daga ɗigogin da ke maƙwabtaka da shi. Wayar hannu ma ta fi haka shisshigi, domin tana ƙara launi da kaifi da kanta tun kafin mai ita ya ga hoton.

Saboda haka ne ƙwararru ke ajiye abin da za mu kira ɗanyen hoto, wanda aka sani da RAW. Shi ne matsayin dodon hoto a wannan zamani. Hoton JPEG na yau da kullum yana da matakan haske 256 ne ga kowane launi, alhali ɗanyen hoto na kyamarori da yawa yana riƙe matakai har 16,384. Wannan rata ita ke ba mai gyara damar fito da gashin da ya ɓuya cikin inuwa. Bayan haka, ɗanyen hoton shi ne hujjar da za a koma gare ta duk ranar da gardama ta tashi. Doka ta farko ke nan: a yi gyara a kan kwafi, a adana asali.

Gyaran Da Ke Fito Da Gaskiya

Gyara na farko shi ne datse gefen hoto. Tsuntsu ba ya yarda a matso shi, don haka sau da yawa yakan fito ɗan mitsitsi a tsakiyar fili. Babu laifi a rage filin, amma a bar masa sarari a gefen da yake fuskanta, kuma kada a yanke masa ƙafa ko wutsiya, domin tsawon wutsiya da launin ƙafa suna cikin manyan alamomin gane jinsi. Har ila yau, kada a datse muhallin gaba ɗaya. Carki a kan bayan saniya ya fi carki shi kaɗai ba da labari.

Na biyu shi ne haske. Mu ɗauki hankaka, mai baƙin jiki da farin ƙirji. Idan aka biye wa baƙin, farin zai ƙone ya zama kamar takarda. Idan aka biye wa farin, baƙin zai dunƙule ya zama gawayi. Aikin mai gyara shi ne ya sassauta farin ya ɗan ɗaga baƙin, har a ga layin gashi a duka biyun. A sani kuma, farin da ya ƙone tun wajen ɗauka ba ya dawowa, domin ɗigogin sun cika sun batse, babu bayanin da suka riƙe. Balbela ta fi kowa shan wannan wahala. Lokacin da take shirin yin ƙwai, gashin kanta da ƙirjinta da gadon bayanta yakan yi ruwan goro. Idan hoton ya ƙone wannan alama ta tafi, kuma da ita ne mai bincike zai san cewa akwai sheƙa a kusa.

Na uku shi ne daidaita fari. Hasken rana ba launi ɗaya gare shi ba. Da tsakar rana yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelvin, da fitowar rana ko faɗuwarta yakan sauko wajen 3,000 ya yi ja-ja, a inuwa kuwa yakan haura 7,000 ya yi shuɗi-shuɗi. Ƙurar hunturu tana da nata rinin, haka ma ganyen bishiya yakan watsa kore a cikin farin tsuntsu. Ƙwaƙwalwarmu tana gyara wannan ba tare da mun sani ba, ita kuwa kyamara sai an taimaka mata. Dabarar ita ce a nemi wani abu a cikin hoton da aka san fari ne ko ruwan toka, a daidaita sauran launuka da shi.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne ƙara wa launi turi. A nan sai mun ɗan leƙa ilimin halittu. Baƙi da ruwan ƙasa a gashin tsuntsu daga sinadarin melanin suke. Rawaya irin ta marai, da ja a tsuntsaye da yawa, daga sinadaran karotinoyid suke, waɗanda tsuntsu ba ya iya ƙera su a jikinsa, sai dai ya same su daga abinci. Don haka ƙarfin rawayar yana iya ba da labarin cimar tsuntsun da lafiyarsa. Shuɗi mai walƙiya irin na shaya kuwa ba rini ba ne sam. Tsarin gashin ne, mai siraran shimfiɗu da ido ba ya gani, ke juya haske, shi ya sa launin ke sauyawa duk lokacin da tsuntsun ya karkata. Wanda ya zuba wa hoto launi fiye da kima ya ba tsuntsu lafiyar da ba shi da ita, ko ma ya ba shi rigar wani jinsi, kamar yadda ɗalibina ya yi.

Na biyar shi ne kaifafa hoto da share yashi-yashin da ƙarancin haske ke haddasawa. Kaɗan daga wannan yana da amfani. Idan ya yi yawa sai a ga wani farin zare ya kewaye jikin tsuntsun, gashinsa ya yi santsi kamar na roba, ƙananan ɗigogin ƙirji su ɓace. Manhajojin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira sun zo da wata matsalar, domin ba share datti kaɗai suke yi ba, sukan cike gurbin da babu bayani da abin da suka koya daga wasu hotuna. Sai a ga gashi tsaf-tsaf a inda kyamara ba ta ga komai ba. Irin wannan hoto zai yi kyau a bango, amma bai cancanci a kafa hujja da shi ba.

Inda Gyara Ke Zama Ƙarya

Iyakar a fili take. Duk abin da ya ƙara wani abu da babu shi a wurin, ko ya cire abin da ke wurin, ya fita daga gyara. Tun kafin manhajar Photoshop ta fito a 1990, mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 saboda ta matso da dalar Giza kusa da 'yar'uwarta don hoton ya dace da bangonta.

A fagen namun daji, gasar nan ta Wildlife Photographer of the Year, wadda gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, tana neman asalin hoto daga duk wanda ya kai matakin ƙarshe. Duk da haka an sha yin abin kunya. A 2010 an ƙwace kambun wanda ya lashe gasar 2009, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na gida ne horarre. A 2018 kuma aka soke kyautar wani hoto daga Brazil, bayan masana sun yanke cewa dabbar mai cin gara da ke cikinsa matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Masu hotunan biyu sun musanta zargin, amma hukuncin ya tsaya. Wannan ya nuna cewa hoto kan iya yin ƙarya ko da ba a taɓa ɗigo ɗaya a cikinsa ba.

Ga kuma misali daga tsuntsaye. A 2006 wani mai ɗaukar hoto a Ostareliya, John Young, ya nuna hotunan wani ɗan aku mai shuɗin goshi, ya ce sabon jinsi ne. A 2007 wani masanin binciken hotuna, Gale Spring, ya duba su ya ce akwai alamun taɓi a gashin kan tsuntsun. Ba a samu asalin hotunan an gwada ba, kuma kimiyya ba ta karɓi tsuntsun ba.

Akwai wata ƙaramar ƙarya da mutanen kirki ma kan yi, wato goge zoben ƙafa. Tun 1899, lokacin da Hans Christian Mortensen ya fara wannan aiki a Denmark, masana ke sa wa tsuntsaye zobe mai lamba domin bin sawun ƙaurarsu. Agwagwar daji ko wani tsuntsun bakin ruwa da aka gani da zobe a fadamar Haɗeja da Nguru, mai yiwuwa a Turai aka sa masa shi. Mai hoto yana ganin zoben ya ɓata masa ado, alhali shi ne abu mafi daraja a hoton.

Yadda Ake Yi Wa Hoto Sharhi

Idan aka kawo mini hoton tsuntsu, tambayoyi huɗu nake yi, kuma a jere nake yin su.

Ta farko: shin an cutar da tsuntsun kafin a sami hoton? Hoto da kansa yakan tona asiri. Sheƙar da ke fili fetal babu ganye ko ɗaya a gabanta, sau da yawa sare rassan aka yi, aka bar 'ya'yan ga rana da shaho. Tsuntsun da ya lafe gashinsa ya miƙe wuya ya zura wa kyamara ido, a tsorace yake. Wanda ke jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, ƙoƙari yake ya janye mutum daga ƙwansa. Mujiya ce ta cire wa shahararren mai ɗaukar hoton nan na Ingila, Eric Hosking, idon hagu a 1937 a kusa da sheƙarta, kuma ba don mugunta ta yi ba, gidanta take karewa. A Birtaniya, dokar 1981 ta wajabta neman lasisi kafin a ɗauki hoton wasu jinsuna a sheƙa. Hoton da ya faɗi wannan tambaya bai cancanci yabo ba komai kyansa, domin yabon shi ke sa gobe wani ya maimaita.

Ta biyu: shin hoton ya faɗi gaskiya? Ina aka ɗauka, yaushe, kuma tsuntsun na daji ne ko na keji? Launin ya dace da abin da aka sani game da jinsin? Inuwar tsuntsun da ta reshen da yake kai gefe ɗaya suka faɗi?

Ta uku ita ce ƙwarewa. Wurin da ake fara dubawa shi ne ido. Idan idon ya fito tar, da ɗan ƙyallin haske a cikinsa, hoton ya rayu ko da wutsiya ta yi dishi-dishi. Wani lokaci akan ga idon ya yi hazo kamar mai yana. Wannan ba kuskuren kyamara ba ne, fatar ido ta uku ce da tsuntsaye ke da ita, wadda ke share idon daga gefe zuwa gefe. Idan fiffike ya goge, wataƙila ƙiftawar kyamara ce ta yi nawa, domin tsuntsu mai tashi yakan buƙaci kashi ɗaya cikin dubu na sakan ko abin da ya fi haka sauri.

Ta huɗu ita ce tsari. Hoton da aka ɗauka daidai da tsayin idon tsuntsu ya fi wanda aka ɗauka daga sama shiga rai. A duba bayan tsuntsun, ko akwai reshen da ya fito kamar ya tsiro daga kansa. A duba kuma ko yana yin wani abu. Zalɓe da kifi a baki ya fi zalɓe a tsaye koyar da ɗalibi.

Shi ma mai sharhi yana da nasa ladabi. Ya fara da tambayar mai hoton abin da ya yi nufin nunawa. Ya faɗi abin da ya yi daidai, sa'an nan ya nuna kuskure tare da dalili da magani. "Bai yi kyau ba" ba sharhi ba ne. "Farin ƙirjin ya ƙone, gobe ka rage haske kafin ka ɗauka" shi ne sharhi. Mai hoto kuma ya tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kammalawa

Akwai abu guda da nake ba da shawarar a cire kafin a watsa hoto ga jama'a. Wayoyi da kyamarori da yawa suna ɓoye bayanin ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗinsa. Ungulun da muka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a 2015, kuma farautarta don sayar da sassan jikinta na cikin dalilan. Gauraka da aku su ma masu kamawa na nemansu. Hoton sheƙarsu mai ɗauke da adireshi jagora ne ga mai tarko. Shi ya sa tun 2017 eBird ke ɓoye wuraren da aka ga jinsunan da ke cikin irin wannan haɗari. A ba masu bincike cikakken bayani, a ɓoye shi ga kasuwa.

Shi kuwa ɗalibina, mun zauna tare muka sake gyara hoton daga asalinsa. Muka daidaita fari, muka ɗaga inuwa kaɗan, muka bar launin yadda yake. Sai ga ƙananan fararen ɗigogi sun bayyana a gefen ƙirjin tsuntsun, waɗanda gyaransa na farko ya shafe. Ya tura shi rumbun bayanai da sunansa na gaskiya, da rana da wurin da ya gan shi. Duk mai binciken da ya zo neman yaɗuwar wannan ɗan tsuntsu nan da shekara hamsin zai iya dogara da wannan hoto.